Muhawarar Nama da Nono: Wa Ake Yi Wa Gargaɗi?

A ranar 7 ga watan Janairun 2026 ne gwamnatin Amurka ta fitar da sabon kundin shawarwarin abinci da take bai wa 'yan ƙasarta duk bayan shekara biyar, kuma ba a kwana ba sai da ƙura ta tashi. Sakataren lafiyar ƙasar, Robert F. Kennedy ƙarami, ya ɗauko dalar abincin nan da aka daɗe ana koya wa 'yan makaranta ya kifa ta: nama da cuku da madara mai cikakken maiƙonta suka haye sama tare da ganyaye, hatsi kuwa ya gangaro ƙasa ya maƙale a tsini. Wata uku kafin wannan, a Oktoban 2025, ayarin masanan nan da ake kira EAT-Lancet ya sake fitar da nasa rahoton, inda ya jaddada abin da ya faɗa tun 2019, wato duniya ta rage cin jan nama ƙwarai da gaske idan tana son lafiyar jikinta da ta muhallinta. Ga manya biyu, kowa da tarin masana a bayansa, wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma.

Mu a nan ta wayar hannu muhawarar ke iso mana, gutsure-gutsure. Yau a turo maka bidiyo a WhatsApp, wani mai farar riga yana rantsuwa cewa nama ne ummulhaba'isin sankara, madarar saniya kuma abincin maraƙi ce. Gobe a turo wani yana cewa ka bar tuwo da shinkafa ka koma nama zalla, za ka rabu da ciwon suga. A ofisoshinmu na Kano da Kaduna da Abuja ba wuya ka ji wani babban ma'aikaci ya ce shi ya yi sallama da jan nama, ko wata Hajiya ta ce ta hana yaranta nono. Abin da nake son mu duba tare da mai karatu shi ne, tambayar da ake ta yi, wai shin nama da nono suna cutarwa, guntuwar tambaya ce. Sai an ƙara mata: cutar da wa, a cin nawa, kuma wane irin nama? In aka ƙara wannan, za a tarar gargaɗin da ake yi gaskiya ne a kan wasu 'yan tsiraru daga cikinmu, waɗanda yawancinsu su ne ke karanta wannan shafi, amma a kan mafi yawan mutanen Arewa, musamman ƙananan yara da mata masu ciki, lamarin a juye yake.

Bari mu fara da abin da aka tabbatar. A watan Oktoban 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta tara masana 22 daga ƙasashe 10, suka yi bitar bincike sama da 800. Hukuncin da suka yanke shi ne, sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran hana ruɓa, irin su sosej da naman gwangwani, yana haddasa sankarar babban hanji. Jan nama kuwa, na shanu da tumaki da awaki da makamantansu, sun ce akwai yiwuwa mai ƙarfi, amma hujjar ba ta kai ta yanke hukunci ba. Jaridun duniya suka buga da manyan baƙaƙe cewa an sa nama aji ɗaya da taba sigari. Gaskiya ne an sa sarrafaffen nama a rukunin da taba take, to amma rukunin ƙarfin hujja yake aunawa, ba girman ɓarna ba. Kunama da kububuwa duka an tabbatar suna da dafi, amma ba mai hankalin da zai ce harbin wannan daidai yake da saran waccan. Cibiyar da kanta ta kawo alƙaluma: kimanin mutum 34,000 a shekara ake alaƙanta mutuwarsu ta sankara da yawan cin sarrafaffen nama a duk duniya, alhali taba tana ɗauke kimanin miliyan ɗaya ta wannan hanyar kaɗai.

Adadin da ya fi tsorata mutane shi ne kashi 18 cikin 100. Abin da yake nufi shi ne, mai cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, ba fashi, haɗarinsa ya ƙaru da kashi 18 na haɗarin da dama yake akwai. A Birtaniya, alal misali, inda kimanin mutum 6 cikin 100 ke gamuwa da wannan cuta a tsawon rayuwarsu, sai 6 ɗin ya koma 7. Ƙarin mutum guda a kowane 100 ba abin rainawa ba ne in ana maganar al'umma mai miliyoyi, kuma wanda abin ya faɗa wa gidansa, lissafi ba ya share masa hawaye. Amma tsakanin wannan da abin da masu bidiyo ke faɗa akwai nisa. Masu son kilishi kuma kada su yi saurin cewa ba da su ake ba, domin a cikin misalan da cibiyar ta lissafa har da busasshen naman Afirka ta Kudu da na Amurka, waɗanda 'yan uwan kilishinmu ne na jini. Gashi a kan garwashi har nama ya yi baƙi shi ma yana haifar da sinadaran da ake zargi da jawo sankara, ko da yake cibiyar ta ce bayanan da ke hannunta ba su isa a yanke hukunci kan salon dahuwa ba.

Shekara huɗu bayan nan sai aka sake lale. A Oktoban 2019 wani ayari ƙarƙashin Bradley Johnston na jami'ar Dalhousie ta Kanada ya wallafa a mujallar Annals of Internal Medicine cewa hujjojin da ake kafawa da su raunana ne, don haka manya su ci gaba da cin abin da suke ci. Masanan jami'ar Harvard suka yi musu ca. Kwanaki kaɗan sai jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Johnston ya taɓa yin wani bincike kan suga da kuɗin wata cibiya da manyan kamfanonin abinci ke ɗaukar nauyinta, bai kuma ambata ba. Shi kuma ya ce abin ya wuce wa'adin shekara uku da ƙa'idar bayyanawa ta tanada. Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da nasa tarihin. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya sun tono takardun da suka nuna ƙungiyar masu sayar da suga ta Amurka ta biya wasu malaman Harvard kuɗi suka rubuta wani nazari da aka buga a 1967, wanda ya wanke suga ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ya shafi abin da duniya ta riƙa ci shekara da shekaru. Ko inda ba a zargin kuɗi, alƙaluman ba sa zama wuri ɗaya. Babban shirin nan na ƙidayar cututtukan duniya da ke jami'ar Washington ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa mutum 25,000 ne yawan cin jan nama ke kashewa a shekara. A rahoton 2019 adadin ya koma 896,000, wato ninki 36 cikin shekara biyu. Da wasu masana suka ƙalubalance su a 2022, kafin shekarar ta ƙare sai ga nazari daga wannan cibiyar yana cewa hujjar da ke haɗa jan naman da ba a sarrafa ba da waɗannan cututtuka mai rauni ce.

Dalilin wannan tufka da warwara ba ɓoyayye ba ne. Ba yadda za a yi a kulle mutum dubu goma a ɗaki shekara 30, a ba rabi nama a hana rabi, sannan a ƙirga gawa. Abin da ake yi shi ne a raba wa mutane takarda su tuna abin da suka ci, sannan a bi sawunsu tsawon shekaru. To a ƙasashen da aka fi yin irin wannan bincike, mai yawan cin nama sau da yawa shi ne mai shan taba da giya, mai ƙiba, marar motsa jiki, kuma duk ƙwarewar mai lissafi da wuya ya tsince laifin nama shi kaɗai daga cikin wannan tarkace. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: in mutum ya bar nama, me ya maye gurbinsa? Wanda ya koma wake da kifi da gyaɗa daban yake da wanda ya koma farin burodi da lemon kwalba.

Duk da haka akwai abin da ya rage bayan an tankaɗe. Sarrafaffen nama ba shi da mai kare shi a cikin masana na kirki. Wani nazari da aka buga a 2024, wanda ya tattara bayanan mutum kusan miliyan 2 daga ƙasashe 20, ya sami ƙarin haɗarin ciwon suga na kashi 15 cikin 100 ga mai cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, da kashi 10 ga mai cin giram 100 na jan nama kullum. Daskararren kitse kuma an daɗe da tabbatar da cewa yana ɗaga mugun maiƙon nan na jini da ke toshe jijiyoyi. Hatta kundin Kennedy, duk da kirarin da ya yi wa nama da man shanu, bai taɓa tsohuwar iyakar nan ta cewa kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini ba, abin da ya sa masu suka ke tambaya ta yaya mutum zai bi hoton dalar kuma ya tsaya a iyakar.

Ƙarar da aka shigar a kan nono ta fi ta nama rauni. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi sawun mutum sama da 136,000 a ƙasashe 21, ya tarar masu shan madara da kindirmo sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin ciwon zuciya da mutuwa. Muna ma da namu misalin a gida. A 2001 aka wallafa binciken da Robert Glew da abokan aikinsa suka yi kan Fulani makiyaya 121 a yankin Jos. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake fitowa, galibi na nono da man shanu, irin cimar da likitan Landan zai gani ya riƙe baki, amma da aka auna jininsu sai aka tarar yana nuna ƙarancin haɗarin ciwon zuciya. Masu binciken ba su ce man shanu magani ba ne. Sun danganta abin da yawan tafiyar ƙasa da kuma ƙarancin jimillar abin da mutanen ke ci. Wannan sharaɗi zan dawo kansa.

Inda masu sukar madara ke da gaskiya shi ne batun narkewa. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan duniya cikinsu ba ya iya sarrafa sugan da ke cikin ɗanyar madara. Tun 1971 Norman Kretchmer da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya riƙe muƙamin Ministan Lafiya, suka gwada wannan a Najeriya, suka tarar kusan duk manyan Yarbawa da Ibo da suka auna ba sa iyawa, mafi yawan Fulani makiyaya suna iyawa, Hausawa kuma suna tsakani. Abin da wannan ke jawowa kumburin ciki ne da gudawa, ba wata muguwar cuta ba, kuma kakanninmu sun riga masana gano mafita: in madara ta kwana ta zama nono ko kindirmo, ƙwayoyin da ke tsamar da ita sun cinye wani kaso na sugan. Shi ya sa wanda kofin madara ke murɗa wa ciki sai ya sha furarsa da nono lafiya lau.

Yanzu sai mu zo kan sikeli, domin nan ne maganar take. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna abin da ke isa ga Ba'amurke guda na nama ya haura kilo 120 a shekara. Na ɗan Najeriya kimanin kilo 7 ne, har da kaji. Tsarin EAT-Lancet na 2019, wanda makiyayan Turai suka yi wa bore suna cewa ya yi tsauri, ya yarda mutum ya ci giram 14 na jan nama da giram 29 na kaza a yini, wato kusan kilo 16 a shekara. Ke nan ɗan Najeriya bai kai rabin abin da masu tsaurin suka halatta ba. Na madara ya fi ban tausayi: tsarin ya ba da giram 250 a yini, kimanin lita 90 a shekara, mu kuwa ba mu kai lita 10 ba. In da za a aiwatar da wannan tsari a Jigawa ko Yobe yadda aka rubuta shi, ƙari za a yi wa mutane. Matsalar ita ce kuɗi, domin wani nazari da ya biyo bayan rahoton ya lissafa cewa aƙalla mutum biliyan 1.58 a duniya ko sun zuba duk abin da suke samu ba za su iya sayen wannan abinci ba.

Shi kansa kilo 7 ɗin yaudara ce irin ta matsakaicin lissafi, wanda ke haɗa mai yanka rago duk wata da wanda ke jiran Babbar Sallah ya ce kowa ya ci rabi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A Kebbi da Jigawa da Katsina ya haura 60. Kashi 68 na yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, tsumburewar ta ƙasa baki ɗaya ta tashi zuwa kashi 40. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal. Wannan kuwa a yankin da ya fi ko'ina dabbobi a ƙasar, inda manyan motoci ke lodin shanu daga Mai'adua da Maigatari da Potiskum suna nufar Legas.

Me ya haɗa wannan da nama? Cikin yaro ɗan wata tara ƙarami ne, ɗan abin da zai ɗauka kaɗan ne, buƙatar jikinsa da ƙwaƙwalwarsa kuwa mai yawa ce. Kunun gero ko na dawa yana cika cikin, amma yawancinsa ruwa ne da gari, kuma hatsin yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zink ya hana hanji tsotse su. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta jiki ya fi saurin karɓarsa. Bitamin B12 kuwa, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, daga abincin dabba ake samunsa. Baturen da ya bar nama yana da kantin magani a bakin layinsu da zai sayi ƙwayar wannan bitamin, ga abinci iri-iri da aka ƙara wa sinadarai; matar ƙauyen Batsari ba ta da wannan. A gundumar Embu ta Kenya, tsakanin 1998 da 2000, Charlotte Neumann da abokan aikinta sun raba makarantun firamare 12 gida huɗu: wasu aka ƙara musu nama a abincin tara, wasu madara, wasu mai, wasu ba a ba su komai ba. Yaran da suka sami nama su suka fi sauran ci gaba a gwajin kaifin basira. Tun a 1933 ma likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a jikin yaran da aka yaye aka ɗora kan kunun masara, kuma da madara ta riƙa ceto waɗanda aka kawo da wuri. Haɗin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa, wanda ya yi suna tun yunwar Maraɗi ta 2005, garin madara na cikin jigoginsa. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, ita dai wadda cibiyarta ta yi gargaɗin 2015, ta ce a ƙa'idojinta na 2023 a riƙa bai wa yaro ɗan wata 6 zuwa 23 nama ko kifi ko ƙwai kowace rana. Ba ta yi baki biyu ba, mutum biyu daban take yi wa magana.

Ba ina cewa tsoka ita kaɗai za ta kawar da tamowa ba. Gudawa daga gurɓataccen ruwa, da zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa kusa-kusa, da yunwar uwa tun tana da ciki, duk suna da hannu. Gwajin ba yaro ƙwai ɗaya a rana ya rage tsumburewa sosai a Ekwado, amma da aka maimaita shi a Malawi bai ƙara wa yaran tsawo ba. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da zogale kuma abinci ne masu daraja da bai kamata a raina ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya tsaya a gaban mata a asibitin karkara ko ya hau rediyo yana maimaita gargaɗin da aka tsara domin mai cin kilo 120, ya yi ɓarna ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu, wanda ba ya buƙatar kasafin gwamnati. A gidajenmu da yawa, har da na masu boko, in an sayo nama rabonsa yana bin girma ne. Tuwon girma miyarsa nama, in ji Bahaushe, sai a tsame tsoka da hanta a jera a kwanon maigida, mai shekara 50 da tumbi da ƙwayar hawan jini a aljihu, yara a bar su da romo da ƙashi, mai ciki ko mai shayarwa kuma ta ci abin da ya saura in ya saura. A wasu wuraren har yanzu ana cewa yaron da aka saba wa ƙwai ko nama zai tashi da kwaɗayi ko ɗan hali. Wato a cikin gida ɗaya, naman yana tafiya bakin da likita ke cewa a rage, yana tsallake bakin da likita ke cewa a ƙara. Ladabin girmama maigida abu ne mai kyau, amma maigidan da ya san abin da hanta ke yi wa jinin yaro shi ya kamata ya tura kwanon da hannunsa.

Shi kuma mai karatu, wanda ke fita daga gida a mota, ya wuni kan kujera cikin sanyin na'ura, ya biya wurin mai tsire bayan isha'i ya sa a naɗe masa na dubu biyar da kitse da ƙarin yaji, ya kora da lemon kwalba, to shi ake yi wa gargaɗin, kuma kada ya fake da Fulanin Jos. Su sun ci man shanunsu ne suna bin shanu a ƙasa tun hantsi har faɗuwar rana, ba su kuma ƙoshi irin tasa ƙoshin ba. Ƙiyasi daban-daban suna nuna kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A nan gishiri ne babban mai laifi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, alhali yajin tsire kaɗai gishiri ne da dunƙulen ɗanɗano, kafin a zo ga miyar gida. Wannan jan kunne ba baƙo ba ne a wurinmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana gargaɗin mutane kan sabo da nama, har ya kwatanta jarabarsa da ta giya. Halal ne, ni'ima ce, amma ba a ce a mai da shi abincin kowane dare ba.

Abin mamaki, haɗarin da ya fi tabbata a naman da nonon da muke ci ba ya cikin bidiyoyin da ake turo mana, domin waɗanda suka shirya su sun daɗe da wuce wannan matakin. Mu har yanzu a mayankunmu da yawa a ƙasa ake fiɗa, kusa da kwata, babu ruwan famfo, likitan dabbobin da doka ta ce ya duba kafin yanka da bayansa kuma ko dai babu shi, ko yana nan amma ba ya iya hana mahauci sayar da huhun da ya ga alamar tarin fuka a jikinsa. Ana babbake ganda da ƙafa da tsofaffin tayoyi, hayaƙin da ke cike da guba. Ana ɗirka wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta yau, a yanka ta ko a tatse ta gobe, ba a jira maganin ya fita daga jikinta ba. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fukan shanu da cutar ɓarin nan da makiyaya ke kira bakkale. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona kusa da Suleja. Sannan ga garin madarar da ake aunawa a kasuwa da cokali ko a ƙulla a leda: da yawa daga cikinsa madara ce da aka tsame mata manta a Turai aka zuba man ja da aka tace a madadinsa, kasuwancin da ya bunƙasa a Afirka ta Yamma bayan Tarayyar Turai ta cire wa manomanta ƙayyadadden adadin tatsa a 2015. Ya fi arha, shi ya sa yake karya nonon Bafulatana a kasuwa, kuma ba abincin jarirai ba ne, amma uwar da ba a faɗa mata ba, ba za ta sani ba.

A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya, kuma jami'ai sun sha nanata cewa ƙasa mai shanu kimanin miliyan 20 tana kashe dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Jawaban da aka fi ji sun karkata ga kuɗin shiga da fitar da nama waje da sasanta manoma da makiyaya. Duk suna da muhimmanci, amma in ana son ma'aunin da zai nuna ko ma'aikatar ta yi aiki, ga shi: yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyu a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ke samun nono ko ƙwai ko nama a rana, kuma adadin ya ƙaru ko ya ragu? Wannan tambaya tana cikin binciken lafiyar al'umma da ake yi lokaci-lokaci, ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Satar shanu da tashin rugage a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun raba dubban iyalai da saniyar da ke ba su ƙwaryar safe, don haka batun tsaro ma batun abincin yara ne.

Jami'o'inmu su ma suna da bashi a wuyansu. Mafi yawan binciken da ake ta jayayya a kansa an yi shi ne kan ma'aikatan jinya na Amurka da mazauna Turai da gabashin Asiya, masu cin sosej da naman alade. Muna da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, da ta likitancin dabbobi a Vom, da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda in an ba su kuɗi za su iya bin sawun masu cin tsire da balangu da kilishi shekara goma su faɗa mana abin da suka gani a jikin namu mutanen. Mayanka da duba nama kuwa aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma kuɗin da ake karɓa kan kowace dabbar da aka yanka a Kano ko Kaduna, in an ajiye shi inda aka karɓe shi, zai haƙa rijiyar burtsatse, ya daɓe ƙasa da siminti, ya sayi iskar gas ta babbaka a maimakon taya.